Burodin Jiya, Kabewar Kaka

Idan watan Oktoba ya kama a arewacin Amurka da Kanada, rana takan fara makara, iska ta yi kaifi, ganyayen itatuwa su rine daga kore zuwa ja da rawaya kafin su zube. A irin wannan lokaci, ranar Asabar ko Lahadi da babu makaranta babu aiki, gidaje da yawa sukan karya kumallo da wani abinci mai sauƙin haɗi. A yanka burodi da kauri, a fasa ƙwai a kwano, a zuba madara da markaɗaɗɗiyar kabewa, a barbaɗa kirfa da citta da gyaɗar ƙamshi, a tsoma burodin ya sha, sannan a soya a kasko da man shanu har ya yi ja. Sunansa a bakinsu French toast na kabewa, wato gasasshen burodin Faransa. In ka tambayi masu cinsa dalilin son da suke yi masa, amsar ɗaya ce: yana kwantar da hankali, yana sa mutum ya ji lallai a gida yake.

Hausawa sun ce suna linzami, inda aka ja shi can mai shi zai bi. Wannan abinci sunansa ya ja shi nesa da inda aka haife shi. Wanda ya kama linzamin ya bi sawu baya zai tarar da wani hali na ɗan Adam: yakan mayar da larura marmari, in an jima kuma ya manta cewa larura ce ta haifi marmarin.

Faransa dai ba ita ta ƙirƙiro shi ba. A littafin girkin Rumawa da ake jingina wa Apicius, wanda aka tattara wajen ƙarni na 4 ko na 5 miladiyya, an riga an bayyana yadda ake ɓare farin burodi, a jiƙa shi da madara, a soya da mai, a kwarara masa zuma. Mai littafin ko suna bai raɗa masa ba. Ya ajiye shi ne ƙarƙashin wani taken da ma'anarsa ba ta wuce wani abin zaƙi kuma ba, kamar abin da kowace uwargida ta sani har ba ya buƙatar gabatarwa. Sunan Faransa ya bayyana a Ingila a shekarar 1660, cikin littafin wani kuku mai suna Robert May, kuma abin da ya kira da sunan ba shi da ƙwai ba shi da madara. Gasasshen burodi ne da ake jiƙawa da giya da sukari da ruwan lemu. Burodin ne irin na Faransa, sai sunan ya tsallake daga burodi ya hau kan girki, ya zauna.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Muna cewa masara, sunan yana nuna Masar, alhali hatsin daga nahiyar Amurka ya fito. Muna cewa dankalin Turawa, alhali a duwatsun Andes na Kudancin Amurka aka fara noma shi. Sunan abinci ba kasafai yake faɗin mahaifarsa ba. Abin da yake riƙewa shi ne hannun ƙarshe da ya miƙo shi, ko ƙasar da masu ci suke gani da ƙima.

Su Faransawan da aka jingina musu abin, nasu sunan daban ne, kuma duk wanda ya yi makaranta a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram zai gane shi: pain perdu, burodin da ya ɓata, wanda aka riga aka yanke ƙauna da shi. Burodinsu dogon nan mai ɓawo babu mai a cikinsa, kwana ɗaya ya ishe shi ya taurare. Jamusawa kuwa suna ce masa Arme Ritter, barade matalauta. Sunan yana kawo wa mutum hoton mai sarauta wanda aljihunsa ya bushe, ga baƙo ya sauka, dole a kai masa abin zaƙi, sai uwargida ta dubi sauran burodi da ƙwai biyu ta fitar da mijinta kunya. Masu jin Faransanci a Kebek ta Kanada suna cewa pain doré, burodin zinariya. A Sifaniya torrijas ne, abincin makonnin azumin Kiristoci kafin Ista. A Fotugal da Birazil rabanadas ne, na teburin Kirsimeti.

Girki ɗaya ne, kasko ɗaya, amma kowace al'umma ta tsaya a kusurwarta ta dube shi. Wani ya kalli asarar da aka kauce wa, wani ya kalli talaucin mai gida, wani ya kalli launin da ya fito daga wuta, wani kuma ya ɗora masa rawanin wata ƙasa. Na Faransa da na Jamus su ne suka fi daɗa ni, domin ba su ɓoye komai ba. Yaron da ya tashi yana jin ana cewa burodin da ya ɓata, kowace safiya ana tuna masa cewa abin da ke gabansa ceto shi aka yi. Wanda ya tashi yana jin gasasshen burodin Faransa, shagon ƙawa da farin faranti ne za su zo masa a rai.

Akwai kuma gaskiyar kimiyya da ta goyi bayan tsofaffin matan da suka ƙi zubar da burodi. A 1852 wani masanin sinadarai Bafaranshe, Jean-Baptiste Boussingault, ya rufe burodi ruf yadda ko ɗigon ruwa ba zai fita daga cikinsa ba, duk da haka ya taurare. Da ya ɗumama shi zuwa wajen digiri 60 a ma'aunin Selsiyus, sai laushinsa ya dawo. Ashe taurin burodi ba bushewa kaɗai ba ne. Sitacin da wuta ta narkar lokacin gashi shi ne yake sake jeruwa yana ƙanƙamewa in ya huce, zafi kuma yana warware shi. Shi ya sa firij ke gaggauta taurin burodi maimakon hana shi. Shi ya sa kuma burodin jiya ya fi na yau dacewa da wannan girki: yana shan ƙwai da madara ya riƙe jikinsa, sabo kuwa yana shiga ruwa zai dagargaje. Tsufan da ya rage masa daraja a kan tebur shi ne ya ba shi daraja a cikin kasko.

Mu ma muna da namu. Tuwon dare da ya kwana, aka yayyanka aka ɗora a wuta da sauran miya, shi ne ɗumame, kuma akwai manyan mutane da ba su haɗa shi da kowane kalaci. Ba wanda ya zauna ya ƙirƙiro ɗumame don daɗi. Gudun almubazzaranci ne ya kawo shi, daɗin ya biyo baya.

Yau a littattafan girki na Amurka za ka ga an ce a sayi burodi mai laushi, irin wanda aka kwaɓa da ƙwai da man shanu, in sabo ne a yanka a sa a tanda na ɗan lokaci ya bushe. Wato ana sayen sabo a tsufar da shi da gangan don ya yi kama da wanda aka ceto. A wajen girki dabara ce mai kyau, ba ta da aibu. Amma tana nuna nisan tafiyar da aka yi. Halin rashi ya zama mataki a cikin umarnin girki, an riƙe siffarsa an saki dalilinsa.

Kabewa ma wannan hanyar ta biyo, tata ma ta fi tsawo. A wani kogo mai suna Guilá Naquitz a jihar Oaxaca ta Meziko, masu binciken kayan tarihi sun tono 'ya'yan kabewar gida da suka kai kimanin shekara 10,000, abin da ya sa ta cikin tsirran farko da mutum ya fara shukawa a nahiyar Amurka. Mutanen Haudenosaunee, waɗanda Turawa suka kira Iroquois, suna shuka ta tare da masara da wake, suna kiran su 'yan'uwa mata uku: masara ta ba wake karan hawa, wake ya ƙara wa ƙasa ƙarfi, kabewa ta shimfiɗa faffaɗan ganye ta riƙe laima ta danne ciyawa. Duk nau'o'in kabewa daga wannan nahiya suka bazu duniya bayan 1492. Wadda muke yankawa a miyar taushe ma jikar waccan ce, ta zauna da mu har sunanta ya zama namu, ba mai tuna cewa baƙuwa ce.

Turawan Ingila da suka sauka Plymouth a ƙarshen 1620 su 102 ne a jirgin Mayflower, kuma kusan rabinsu ba su ga ƙarshen hunturun farko ba. Waɗanda suka rage sun rayu da taimakon mutanen Wampanoag da amfanin gonar ƙasar. A kakar 1621 aka yi walimar da Amurkawa suke ɗauka a matsayin tushen bikinsu na godiya. Ga waɗannan baƙi da 'ya'yansu, kabewa abincin tsira ce. Tana fitowa ba wahala, tana jure ajiya watanni, ana yanka ta zobe-zobe a shanya don hunturu, a dafa ta, a yi fate da ita, abin da ya rage a ba dabbobi. Mai hali ba ya alfahari da ita. A 1796 Amelia Simmons ta sa girkin kabewa mai madara da ƙwai da kayan ƙamshi a littafin girki na farko da Ba'amurkiya ta rubuta aka buga a ƙasar, sannan a 1863, ana tsakiyar yaƙin basasa, Shugaba Abraham Lincoln ya ayyana ranar godiya ta ƙasa a watan Nuwamba. Daga nan kabewa ta sami kujerarta a teburin biki.

Masaniyar tarihi Cindy Ott, a littafinta na 2012 kan kabewa a rayuwar Amurka, ta nuna wani abu mai ban tunani: darajar kabewa ta hau ne daidai lokacin da buƙatarta ta sauka. Da mutane suka bar gonaki suka cika birane, sai ta zama alamar ƙauyen da aka baro, ana jera ta a ƙofar gida, ana sassaƙa mata fuska a ƙarshen Oktoba, ana kai yara gona su ɗauki hoto da ita. Mafi yawan manyan jajayen nan na ado ba a cin su, naman cikinsu ruwa-ruwa ne mai zare. Wadda ake ci a gwangwani take zuwa. Kamfanin Libby's, wanda ke samar da mafi yawanta, yana sarrafa ta a garin Morton na jihar Illinois daga wani iri mai suna Dickinson, doguwa mai launin ƙasa-ƙasa, wadda ba ta yi kama da hoton da ke kan mutane ba. Kalma ɗaya ta rabu biyu, akwai kabewar ido akwai kabewar baki.

Sai kuma ta rabu uku. Garin kayan ƙamshin da ake zubawa a girkin kabewa, wato kirfa da citta da gyaɗar ƙamshi da kanumfari, kamfanin McCormick ya fara sayar da irinsa a haɗe a 1934, da sunan kabewa a jikin gwangwanin. A 2003 kamfanin Starbucks ya fito da gahawa mai madara da wannan ƙamshi, ita ma da sunan kabewa, ta karɓu har fitowarta ta zama shelar shigowar kaka. Shekara goma sha biyu ana shan ta babu kabewa a ciki, sai a 2015 aka fara zuba kaɗan. Yanzu sunan yana kan kyandir da sabulu da biskit. A nan kalmar ta gama sakin 'ya'yan itacen, ta koma sunan wani yanayi na zuciya: sanyi a waje, ɗumi a ɗaki, iyali a kusa.

Kayan ƙamshin da ke ɗauke da wannan yanayi kuwa babu ɗaya da ke tsirowa a ƙasar dusar ƙanƙara. Kirfa ta asali daga Siri Lanka take. Kanumfari daga tsibiran Maluku na Indunusiya ya fito kafin ya zama arzikin Zanzibar. Citta 'yar ƙasashen zafi ce, kuma ta kudancin Kaduna, daga Kaciya da Kafanchan, tana cikin wadda ake lodawa zuwa kasuwannin duniya. Gyaɗar ƙamshi kuwa a da ba a samun ta ko'ina sai a ƙananan tsibiran Banda. A 1621, shekarar da aka yi walimar Plymouth, dakarun kamfanin kasuwancin Holan ƙarƙashin Jan Pieterszoon Coen suka mamaye Banda don su mallaki cinikinta su kaɗai. Suka kashe, suka bautar, suka kori mafi yawan mutanen tsibiran. Shekara ɗaya, a gefe guda ana godiya, a ɗaya gefen ana zubar da jini, kuma su biyun suna haɗuwa a rabin ƙaramin cokalin da uwa ke barbaɗawa a kwanon ƙwai. Sanin haka ba ya haramta wa kowa kalacinsa. Yana dai hana mutum ɗaukar ƙamshin gidansa kamar daga sama ya faɗo.

Ko sunan lokacin kansa ya yi irin wannan tafiya. A tsohon Ingilishi kalmar girbi ita ce sunan wannan yanki na shekara. Sannu a hankali ta tsuke ta koma sunan aikin yankan hatsi kawai, lokacin kuma ya ɗauki wasu sunaye biyu, ɗaya aro daga Faransanci, ɗaya mai nufin faɗuwar ganye, wanda shi ne ya fi zama a bakin Amurkawa. Mai girbi hatsi yake kallo, wanda ya bar gona kuwa ganye yake kallo. Mu har yanzu in an ce kaka, rumbu ne yake fara zuwa a rai, da sabon gero, da biyan bashi, da bukukuwan aure. Kalmarmu ba ta rabu da ciki ba tukuna, domin yawancinmu ba mu yi nisa da gona ba. Wannan arziki ne na harshe da ya cancanci a lura da shi tun yana hannu.

To me ya rage a cikin kwanon bayan sunaye sun watse? Aikin ya rage, kuma aikin bai canza ba. Ƙwai 3 ko 4, madara kofi 1, kabewa rabin kofi, ɗan gishiri, ɗan sukari, sun ishi yanka 8 na burodi. Dole a kaɗa sosai, domin kabewa tana da kauri, in ba a kaɗa ba sai ta manne a bayan burodin ta bar cikinsa fari. Dole a bar kowane yanka ya sha ta fuska biyu. Dole a rage wuta, domin zaƙin kabewa yana saurin ƙonewa, waje ya yi baƙi ciki bai nuna ba. Kasko kuma ba ya ɗaukar fiye da biyu ko uku a lokaci guda, don haka mai girki yana tsaye yana juyawa, yara suna zaune suna jiran layi, na farko ya cinye kafin na ƙarshe ya samu. Abinci ne da ba ya yiwuwa a ranar gaggawa. Sau da yawa ma kabewar ragowa ce, rabin gwangwanin da ya saura daga wani girki, ana neman inda za a sa shi kafin ya lalace. Ragowa biyu suka haɗu, aka kwarara musu zumar itacen mapul, wadda ake tafasa ruwan itace kimanin lita 40 kafin a sami lita 1, suka zama abin da yaro zai riƙa tunawa har tsufansa.

Masu cinsa sun ce yana kwantar da hankali. Ina ganin Hausa tana da kalmar da ta fi kusa da zuciyar abin, ita ce rufin asiri. Ba wadata ba ce, ba kuma rashi ba. Hali ne na gidan da abin da ke cikinsa ya isa, saboda akwai mai dabara da ba ta bari komai ya salwanta, har yara su tashi ba su san an taɓa ƙuntata ba. Kwanciyar hankalin da mutum yake ji idan ƙamshin kirfa ya cika gida, a ƙarƙashinta akwai tsohon tabbaci cewa a gidan nan ba za a kwana da yunwa ba, ko da burodin ya taurare, ko da sanyi ya rufe hanya. Sukari da man shanu suna ba da daɗi, amma wancan tabbacin daga mutum yake fitowa, daga wanda ya tashi da sassafe ya tsaya gaban murhu saboda wasu. Shi ya sa ana iya sayar da ƙamshin a kyandir, amma ba a iya sayar da abin da ƙamshin yake tunatarwa.

Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na abincin da ake samarwa a duniya yana salwanta ko a zubar da shi, wajen tan biliyan 1.3 a shekara. A irin wannan zamani, girkin da aka gina a kan ƙin zubarwa ba ƙaramin gado ba ne, kuma gadon yana cikin sunayensa na gaskiya fiye da yadda yake cikin ma'aunin ƙwai da madara. Ma'auni kowa zai iya kwafa. Dalilin ne yake buƙatar a faɗa da baki, daga uwa zuwa 'ya, daga uba zuwa ɗa.

An ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. A kan tebur maganar takan juya: tuna bara shi ne gishirin bana. Iyalin da suka san cewa kalacinsu na marmari abincin barade matalauta ne, cewa kabewar da ke cikinsa ta taɓa tsare mutane daga mutuwar hunturu, cewa ƙamshinsa ya ratso teku da gumin wasu da jininsu, za su ci da godiyar da ta san abin da take gode wa. Kalmomi za su ci gaba da tafiya suna barin ma'anoninsu a baya, ba mai iya hana su. Abin da ke hannunmu shi ne mu riƙa cika su da labari kafin mu miƙa wa yara, mu kuma riƙa duba sauran abincin jiya kafin mu aika a sayo sabo.